Babi na Shida: An Sallama Kaya, Kuɗi Bai Zo Hannu Ba

Ranar 31 ga Maris, 2021, aka dakatar da haƙa a ramin COMINAK da ke gefen Akokan, kusa da Arlit, bayan an shafe shekara 43 ana fito da ƙarfen yuraniyom daga zurfin kusan mita 250 a ƙarƙashin hamada. Kimanin tan 75,000 ramin ya bayar tun daga 1978. Da aka rufe shi, ma'aikatan kamfanin wajen 600 suka rasa aiki, tare da ɗaruruwan ma'aikatan 'yan kwangila. A garin da babu gona babu kogi, inda albashin mutum ɗaya ke ciyar da gida biyu ko uku, wannan ba ƙaramar girgiza ba ce.

Wasu suka tattara suka koma Agadez, Tahoua, Damagaram ko Yamai. Mai tafiya kuwa ba ya iya ɗaukar komai, don haka firij, na'urar sanyaya ɗaki, babur, kujeru da tsohuwar mota suka zama kayan sayarwa. Waɗanda suka zauna suka juya ɗan abin da aka sallame su da shi ya zama jari. Dukansu kuma suka tarar da cewa rabin kasuwa ya riga ya koma cikin waya: rukunonin WhatsApp, shafukan Facebook, da wuraren talla irin su CoinAfrique. Mutum ya ɗauki hoton kayansa a Akokan, kafin la'asar wani a Maraɗi ya taya.

Tayawa da sallamawa sun yi sauƙi. Abin da bai yi sauƙi ba shi ne ratar da ke tsakanin "na sallama" da lokacin da kuɗi zai shiga aljihu. A cikin wannan rata, wa ke riƙe da kuɗin? Har yaushe? In ya ƙi saki, gun wa za a kai kuka? Waɗannan tambayoyi uku su ne kan wannan babi.

Garin da komai ke zuwa masa daga nesa

An kafa Arlit a 1969 domin ma'adinin SOMAÏR, wanda ya fara aiki a 1971. A shekarun da yuraniyom ke tashe, har "Paris ta biyu" ake kiran garin, sunan da mai shirya fim Idrissou Mora-Kpaï ya sa wa fim ɗinsa na 2005 a kan yadda wannan daula ta dusashe. Daga Arlit zuwa Agadez tafiyar kusan kilomita 240 ce, zuwa Yamai kuwa ta haura 1,000, a kan hanyar Tahoua da aka shimfiɗa wa kwalta saboda yuraniyom, wadda yau ramukanta suka zama abin kuka ga kowane direba. Arewa da garin akwai Assamaka da iyakar Aljeriya, inda taliya, madarar gari, dabino, barguna da tukwanen gas ke shigowa daga Tamanrasset. Wutar lantarki daga tashar kwal ta SONICHAR kusa da Tchirozérine take zuwa. Tun 2014 kuma, da aka gano zinariya a Djado da Tchibarakaten, garin ya zama mashiga ga masu neman janareta, na'urar gano zinariya da kayan gyaran mota.

Ma'anar wannan ga mai sayarwa ita ce, mai sayensa kusan kullum yana nesa. Ba za su haɗu a inuwar rumfa a ƙirga kuɗi a tafa ba. Dole ɗaya ya fara sakin abin hannunsa: ko mai kaya ya ɗora a motar Rimbo ko SONEF kafin ya ga kuɗi, ko mai kuɗi ya tura kafin ya ga kaya. Duk wata dabara da aka ƙirƙiro a kasuwar intanet, daga Sin har Amurka, ƙoƙari ce ta warware wannan ƙulli guda.

Yadda riƙe kuɗi ya zama doka

A 2003, lokacin da kamfanin Alibaba ya buɗe kasuwar Taobao a ƙasar Sin, mutane sun ƙi yarda su biya wanda ba su taɓa gani ba. Sai kamfanin ya shiga tsakani: mai saye ya biya, kamfani ya riƙe, mai kaya ya aika, in kaya ya isa lafiya a saki kuɗi. Daga wannan tsari Alipay ya samo asali, ya tsaya da ƙafarsa a 2004. Dabarar ta yi aiki ƙwarai, kuma babu mai hankalin da zai ce ba ta da amfani. Ita ta sa miliyoyin mutane suka saki jiki da saye daga nesa.

Yau kusan kowace babbar kasuwa tana da irin nata. A Vinted, wadda aka kafa a Lituweniya a 2008 kuma ta cika wayoyin mutanen Faransa, kuɗi na zama a hannun kamfani sai mai saye ya tabbatar kaya ya yi, ko kwana 2 su wuce bayan isarsa. A Ingila, a Fabrairun 2025, eBay ya fara riƙe kuɗin mai sayarwa na kashin kansa sai an tabbatar kaya ya isa. PayPal na iya riƙe kuɗin sabon mai sayarwa har kwana 21, kuma in ya taƙaita asusun mutum, abin da ke ciki na iya zama har kwana 180. Mai saye shi ma yana da kwana 180 na shigar da ƙorafi. Wanda ya biya da katin banki kuwa yana iya komawa bankinsa ya nemi a dawo masa da kuɗinsa, sau da yawa cikin kimanin kwana 120.

Dalilan kamfanonin ba ɓoyayyu ba ne. Akwai 'yan damfara masu karɓar kuɗi su ɓace. Akwai dokokin hana halatta kuɗin haram, da ke tilasta wa kowane mai hada-hadar kuɗi ya san wanda yake hulɗa da shi. Sannan in mai saye ya janye kuɗinsa alhali mai kaya ya riga ya kwashe nasa, asarar kan kamfani take faɗawa. Don haka kamfani ke riƙe wani abu a hannu.

Matsalar tana wajen wanda ke yanke hukunci. Ba mutum ba ne. Kwamfuta ce ke duba alamomi. Sabon asusu ne? Cinikin yau ya fi na jiya nesa ba kusa ba? Kaya ba shi da lambar bin sawu? An shiga asusun daga wata ƙasa dabam da wadda aka yi rajista? Kowace daga cikin waɗannan alama ce ta haɗari a idon na'ura. Kuma kowacce daga cikinsu siffa ce ta ƙaramin mai sayarwa mai gaskiya da ke zaune a wuri mai nisa.

Shekarar da masu sayarwa suka yi kuka

A tsakiyar 2023 abin ya fito fili a Ingila. Masu sana'ar hannu da ke sayarwa a Etsy suka wayi gari kamfanin na riƙe kashi 75 cikin 100 na cinikinsu har tsawon kwana 45. BBC ta ɗauki labarin, Liz Barclay, kwamishinar ƙananan sana'o'i ta ƙasar, ta sa baki, masu shaguna suka yi barazanar ƙaurace wa kasuwar. A watan Agusta kamfanin ya ce zai rage abin da yake riƙewa sosai. A cikin watan ne kuma Amazon ya faɗaɗa ƙa'idarsa ta riƙe kuɗi har kwana 7 bayan isar kaya ga tsofaffin masu sayarwa a Ingila da Turai. Ministan ƙananan sana'o'i, Kevin Hollinrake, ya rubuta wa kamfanin takarda, aka ɗage wa wasu wa'adin zuwa ƙarshen Janairun 2024.

Kafin nan, a Yunin 2020, kamfanin Wirecard na Jamus ya durƙushe bayan an nemi yuro biliyan 1.9 a littattafansa an rasa. Hukumar kula da harkar kuɗi ta Ingila ta dakatar da reshensa na can, nan take katunan Payoneer da masu sayarwa da masu aikin intanet a ƙasashe da dama suka dogara da su suka daina aiki na wasu kwanaki. Babu laifin da suka yi. Ba su ma taɓa jin sunan kamfanin da ya jawo musu ba.

Mai karatu ya lura da abu ɗaya a labarin Etsy da na Amazon: waɗanda aka riƙe wa kuɗi suna da gidan rediyon da zai ɗauki kukansu, da kwamishina, da minista. Duk da haka sai da suka sha wuya.

Lissafin wahalar ba shi da wuyar ganewa. A ɗauki mai sana'ar da jarinsa jika 300 ne, wato sefa 300,000, yana juya shi sau biyu a wata. In ya sayar da kayan duka aka riƙe kashi 75, abin da zai shigo hannunsa jika 75 ne. Da shi zai sayi kayan aiki, ya biya kuɗin aikawa, ya ci abinci. Kwana 45 kuwa juyi uku ne da ya rasa. A takarda yana da riba, a tukunya babu. Kuɗin da aka riƙe kuma ba barci yake ba: PayPal da kansa yana bayyana a rahotanninsa cewa yana samun kuɗin ruwa daga ajiyar abokan hulɗarsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Maƙerin Abzin da asusun aro

Babu wanda wannan lamari ya shafa a jihar Agadez kamar maƙeran azurfa da mata masu aikin fata. Abin wuyan nan da duniya ta sani da alamar Agadez, da zobba, da 'yan kunne, da jakunkuna masu ado, shekaru da dama masu yawon buɗe ido da Turawan kamfanonin ma'adinai ne manyan masu sayensu. Sai abubuwa suka biyo juna. Tawayen MNJ ya ɓarke a 2007. Tseren motocin Dakar, wanda a da yakan ratsa yankin, aka soke shi a 2008, ya ƙaura zuwa Kudancin Amurka. A Satumban 2010 aka sace mutum 7 masu alaƙa da kamfanonin Areva da Satom a cikin garin Arlit. Ranar 23 ga Mayu, 2013, aka kai hari ma'adinin SOMAÏR da barikin soja na Agadez. A shekarar ce UNESCO ta sa tsohon garin Agadez cikin kayan tarihin duniya, amma baƙin da za su zo kallo sun riga sun ɗauke ƙafa.

Mai saye bai daina so ba. Zuwa ne ya daina. Hanyar da ta rage ita ce intanet. A nan maƙeri ya ci karo da ƙofa a rufe. Etsy ba ya barin a buɗe sabon shago sai daga ƙasashen da tsarin biyansa ke aiki, Nijar kuwa ba ta cikinsu. PayPal ya daɗe yana ba mazauna ƙasashen yankin da dama damar biya kawai ban da karɓa. Haka ya shiga Najeriya a 2014. Saboda haka abin da ya saura shi ne aro: ɗan'uwa da ke karatu a Liyon, ko wata tsohuwar abokiyar ciniki a Beljiyam, ta buɗe shago da sunanta, ta karɓi kuɗi, ta turo ta Western Union ko ta hannun matafiyi.

Asusun aro yana da haɗari hawa uku. Na farko, a idon kamfani maƙerin ba ya nan sam. In aka riƙe kuɗin, ba shi da bakin magana, domin ba sunansa ke kan asusun ba, kuma bayyana gaskiya na iya jawo a rufe shagon gaba ɗaya. Na biyu, sakin kuɗi ya dogara da shaidar isar kaya, alhali ƙunshin da ya tashi daga Arlit sai ya fara kwana a hanya kafin ya ga Yamai, kuma tun Agustan 2023 jiragen Air France suka daina sauka can. Kowane jinkiri ƙofa ce ga mai saye ya ce kaya bai zo ba. Na uku ya shafi mai ba da aron. Tun 1 ga Janairu, 2023, dokar Tarayyar Turai da ake kira DAC7 ta wajabta wa kasuwannin intanet su kai wa hukumar haraji bayanin duk wanda ya yi ciniki 30 ko ya haura yuro 2,000 a shekara. Wanda aka nemi bayanansa ya ƙi bayarwa bayan tunatarwa biyu da kwana 60, doka ta ce a rufe asusunsa ko a riƙe kuɗinsa. Yuro 2,000 ya ɗan haura sefa miliyan 1.3, abin da maƙeri mai kasuwa zai iya wucewa cikin shekara. Ɗalibin da ya yi taimako don zumunci sai ya tsinci kansa yana amsa tambayoyin haraji a kan kuɗin da ba nasa ba. Zumunci da yawa ba ya jure irin wannan.

A cikin gida: babu mai riƙewa, amma ana riƙewa

Cinikin cikin ƙasa kamanninsa dabam. Jumia, wadda ta fara a Legas a 2012, ba ta da kasuwa a Nijar. Facebook da WhatsApp da wuraren talla haɗa mutane kawai suke yi, ba sa taɓa kuɗi, ba sa ɗaukar alhakin komai. Kuɗi na bi ta kamfanonin aikawa irin su NITA, Amana da Al Izza, ko ta Airtel Money, Moov Money da Zamani Cash. Waɗannan sun sauƙaƙa rayuwa ƙwarai a arewa, inda rassan banki ba su da yawa. Amma aikinsu isar da kuɗi ne, ba shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa ba.

A wannan gurbi 'yan damfara suka kafa rumfa, kuma abin lura shi ne da sunan riƙe kuɗi suke cin mutane. Wani zai turo saƙo mai kama da na kamfani: an turo maka kaza, amma an riƙe sai ka biya kuɗin buɗewa. Wani zai turo hoton rasiɗi ya rufe lambar sirri, ya ce ɗora kaya a mota tukuna, ga kuɗinka a ajiye. Da mota ta tashi ya koma ya soke aiken, tunda kuɗin da ba a ciro ba har yanzu na mai turawa ne. Wani zai ce ya yi kuskure ya turo fiye da kima, a mayar masa da ragowa, alhali ko dala bai turo ba. A Kano da Katsina "alat na bogi" ake ce wa irin wannan. Ƙa'idar gane shi ɗaya ce: kuɗin gaske a cikin asusu ake ganinsa, ba a cikin saƙo ko hoto ba, kuma babu kamfanin kirki da ke neman a biya shi kafin ya saki kuɗin mutum.

Akwai kuma riƙewar da doka ta haifar. Ƙa'idar da babban bankin BCEAO ya fitar a 2015 kan kuɗin waya ta sa iyaka ga abin da asusu ɗaya zai ɗauka, sefa miliyan 2 ga wanda aka tantance da takardar shaida, ƙasa da haka nesa ga wanda ba a tantance ba. Mai sayar da mota ko babban janareta na iya cin karo da wannan bango a tsakiyar ciniki. Wanda kuma layin wayarsa da sunan wansa aka yi masa rajista, ranar da aka toshe asusun zai gane cewa a takarda kuɗin ba nasa ba ne.

Sannan akwai riƙewar da ta fi ƙarfin kowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyoyin CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi a ranar 30 ga watan: aka rufe iyakoki, aka dakatar da hada-hadar kuɗi, aka daskarar da kadarorin gwamnati a babban banki. Takardun kuɗi suka yi ƙaranci, bankuna suka taƙaita abin da mutum zai cira. Sai 24 ga Fabrairu, 2024, aka ɗage takunkumin. A tsawon waɗannan watanni, mutum na iya ganin kuɗinsa a rubuce ya kasa taɓa shi. Masu ciniki da Najeriya kuwa sun sha nasu tun farkon 2023 lokacin sauya fasalin naira, sannan a Afrilun 2024 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ba hukumar EFCC izinin daskarar da asusu 1,146 bisa zargin hada-hadar canji ba bisa ƙa'ida ba. Wanda abokin cinikinsa ya faɗa cikin irin wannan jeri, kuɗin kayansa ya maƙale tare da na mai asusun.

Ko babban mai sayarwa na Arlit bai tsira ba. Da iyakar Benin ta ci gaba da zama a rufe, hanyar Kwatano da yuraniyom ke bi ta toshe. A Oktoban 2024 kamfanin Orano, mai gudanar da ma'adinin SOMAÏR a lokacin, ya ce kimanin tan 1,050 na yuraniyom, mai darajar kusan yuro miliyan 300, na jibge ba a fitar ba. A Disamba ya ce ikon ma'adinin ya fita daga hannunsa, a Yunin 2025 gwamnati ta sanar da mayar da shi mallakar ƙasa. Kamfani irin wannan yana da lauyoyi da kotunan sasanci na duniya. Mai sayar da firij a Akokan ba shi da ko ɗaya.

Abin da fatoma ya fi manhaja

Shiga tsakani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa da Abzin. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Agadez a 1850, ya tarar da Sarkin Turawa, mai kula da harkar fataken da ke zuwa daga arewa. A kowane zango akwai fatoma, mai saukar da baƙo, ya adana kayansa, ya nemo masa mai saye. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, ya nuna yadda dillalan shanu Hausawa ke sayar wa mahauta bashi, mai gida kuma ya tsaya a matsayin lamuni: in mahauci ya gaza biya, mai gida ne zai biya baƙonsa daga aljihunsa.

A nan bambancin yake. Fatoma yana cin la'ada, amma yana ɗaukar asara. An san gidansa, an san 'ya'yansa, kuma in ya ci amanar baƙo ɗaya labari zai kai Kano kafin wata ya ƙare, fatake su sauya masauki. Akwai sarkin kasuwa, akwai alƙali. Malaman fiƙihu sun yi bayanin hukuncin ajiya dalla-dalla, sun kuma ɗauki jinkirta haƙƙin mutum daga wanda ke da halin biya a matsayin zalunci. Kasuwar intanet ta ɗauki la'adar fatoma, ta ɗauki ikonsa na riƙe kuɗi, amma asarar ta tura wa mai kaya, ta kuma rubuta a sharuɗɗanta cewa ita ke da ta cewa. Sharuɗɗan da Faransanci ko Ingilishi suke, kotun da suka ambata tana wata nahiya.

Ba a ce a koma zamanin ayari ba. Abin nufi shi ne, mai riƙe kuɗin wani dole ya kasance wanda za a iya kamawa.

Abin da mai sayarwa zai yi, da abin da ya rage wa hukuma

Wasu matakan suna hannun mai kaya. Layin waya da asusu su kasance da sunansa na takardar shaida, harafi da harafi. Kafin ya sa kaya a kowace kasuwa, ya nemi wanda zai karanta masa sashen biya: kwana nawa ake riƙewa, kashi nawa, me ke sa a toshe. Kada ya bar kuɗi ya taru a manhaja; abin da ya shigo a cire shi. Kada jarinsa duka ya bi ƙofa ɗaya. In da hali ya karɓi kafin alƙalami da zai rufe kuɗin mota da na kayan aiki. Ya ɗauki hoton kaya da na rasiɗin tasha, ya adana saƙonnin ciniki da muryoyin da aka turo, domin su ne shaidarsa a gaban 'yan sanda ko alƙali. A ciniki mai nauyi, a sa amintaccen mutum a garin mai saye, ya ga kuɗi da idonsa kafin a miƙa kaya. Wanda kuma zai yi aron asusu a waje, su rubuta yarjejeniya tun farko: wa zai ɗauki haraji, wa zai ɗauki asara in an riƙe ko an janye. Maƙera da masu aikin fata da suka haɗu a ƙungiya mai rajista sun fi mai tafiya shi kaɗai ƙarfin buɗe asusun banki da yin magana da murya ɗaya.

Sauran aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, tana da hukumar ARCEP mai kula da kamfanonin sadarwa, BCEAO kuma na sa ido kan masu hada-hadar kuɗin waya. Abin da mai sayarwa a Arlit, Akokan, Tchirozérine da In-Gall ke buƙata daga gare su a bayyane yake. Duk kamfanin da ya toshe asusu ya faɗi dalili a rubuce, da wa'adin da ba zai wuce ba. A samar da wurin kai ƙorafi a Agadez da Arlit, inda za a saurari mutum da Hausa ko Tamashek, ba sai ya yi tafiyar kilomita 1,000 ba. Kamfanonin aika kuɗi, waɗanda rassansu suka riga suka kai kusan kowane gari, su buɗe ajiyar ciniki ta gaskiya: mai saye ya zuba, ba zai iya sokewa shi kaɗai ba, mai kaya ya ɗora, a saki kuɗi da zarar an karɓi kaya a tasha. Kamfanonin mota da ke ɗaukar saƙo su ne shaidar isarwa da ake nema, kuma suna nan kullum.

Mutanen garuruwan yuraniyom sun fi shekara 50 suna fitar da dukiya zuwa nesa suna jiran abin da zai dawo musu. Bai kamata ƙaramin cinikin da suka koma gare shi bayan rufe rami ya zama wani sabon jira ba. Hukumomin Yamai da kamfanonin aika kuɗi suna da doka, suna da rassa, suna da na'ura. Su kafa wannan ajiya ta ciniki, su sa mata wa'adi, su fara da jihar Agadez.